Babi na Uku: Gidan da Ke Kan Takarda

Yawancin waɗanda suka biya kuɗi aka zana musu gida ba su taɓa karanta zanen ba. Za a miƙo wa mutum takardu bakwai ko takwas a naɗe, ya warware, ya tsallake shafukan da suka cika da layuka da lambobi, ya tsaya a kan hoton nan mai launi da aka haɗa a kwamfuta: fenti ruwan madara, jan kwano, baƙar mota a bakin get, har da furannin da babu wanda zai ba su ruwa. Wannan hoton zai tura wa iyali a WhatsApp, sauran kuma ya danƙa wa birkila. Sai an kai linta, ya shiga ya tsaya a tsakiyar falo, sannan ya lura cewa duk baƙon da ya zauna a kujerar da ke kallon ƙofar ciki zai hangi wanda ya fito daga wanka.

Alhali abin yana kan takarda tun ranar farko. Yana shafin nan da ya tsallake, wanda magina ke kira fulan.

Fulan ba hoton gida ba ne daga sama, domin da daga sama ake kallo da rufi kawai za a gani. Mai zane yana ƙaddara cewa an yanke gidan a kwance, a tsayin kamar ƙafa huɗu daga daɓe, an ɗauke saman gaba ɗaya kamar yadda ake ɗauke murfin tukunya a leƙa abin da ke ciki. An zaɓi wannan tsayin ne saboda a nan yankan zai bi ta cikin ƙofofi da tagogi duka. Duk abin da yankan ya ratsa, kamar bango da fila, ana zana shi da layi mai kauri. Abin da ke ƙasa da yankan, kamar matakala ko kantar kicin, da siririn layi. Abin da ke sama kuwa, wanda aka riga aka ɗauke tare da saman gidan, kamar bim ko ƙaramar tagar banɗaki da ke can kusa da silin, da layi mai tsinke-tsinke ake nuna shi.

Inda bango ya katse aka bar giɓi, ƙofa ce. Za ka ga an ja layi ɗaya daga gefen giɓin, sannan an haɗa shi da ɗaya gefen da lanƙwasasshen layi, rubu'in da'ira. Wannan lanƙwasar ita ce hanyar da ƙyauren zai share idan an buɗe shi, kuma duk filin da ta ci ba naka ba ne: gado ba zai zauna a wurin ba, kujera ma haka. Taga kuwa ba ta katse bango, sai dai ka ga siraran layuka biyu ko uku a cikin kaurinsa. Matakalar bene jerin layuka ne da kibiya mai nuna hawa. Sannan a wani lungu na takardar akwai wata kibiyar ita kaɗai, mai nuna arewa. Idan babu ita, mayar da takardar a sa.

Wannan dabara ta tsufa ƙwarai. A gidan tarihi na Louvre da ke Faris akwai gunkin wani sarki mai suna Gudiya, wanda ya mulki Lagash a kudancin Iraƙi ta yau, sama da shekara 4,000 da suka wuce. Yana zaune, a cinyarsa akwai allo, a kan allon an zana katangar wani ɗakin bauta da ƙofofinta, ga alƙalami ga abin awo a gefe. Birkilan yau zai iya gane zanen.

Lambobin da ke gefen bango

A Najeriya da ƙafa muke ciniki, da milimita ake zane. Dillali zai ce fuloti hamsin da ɗari, mai gida zai ce ɗaki sha biyu da sha biyu, amma a takarda 3600 za ka gani, ko 4200, babu komai a gabansu. Milimita ce. Raba da 300 ka sami kusan adadin ƙafa: 3600 ƙafa 12 ke nan saura kaɗan, 4200 ƙafa 14, 900 ƙafa uku, wato faɗin ƙofar ɗaki. A Maraɗi da Damagaram babu wannan wahalar, tunda da mita ake sayen filin tun farko.

A ƙasan takardar akwai sikeli, galibi 1:100. Ma'anarsa santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a ƙasa. Ɗakin da ke da faɗin 3600 bai kai santimita huɗu ba a zane, ƙofarsa kuma ba ta cika santimita guda ba. Idan ana son nuna abu dalla-dalla, kamar kicin ko matakala, sai a koma 1:50 ko 1:20. Amma kada ka ɗora rula a kan takardar da aka yi wa hoto ko aka buga a shagon kwamfuta, domin na'ura kan matse zane ya dace da girman takarda. Lambar da aka rubuta ita ce abin riƙo.

Akwai tambaya ɗaya da ke raba gardama tun kafin a fara: wannan sha biyun daga ina zuwa ina aka auna? Bulo mai inci tara ake yin bangon waje da shi, mai inci shida kuma a raba ɗakuna. Idan daga tsakiyar bango zuwa tsakiyar bango aka auna, kuma duka bangon biyu masu inci tara ne, to ɗakin sha biyu ya koma ƙafa 11 da inci uku tun kafin filasta ta ci nata. Inci tara ba komai ba ne a baki. Ranar jere ne ake sanin darajarsa, lokacin da ƙyauren sif ya ƙi buɗuwa saboda ƙafar gado.

Sauran shafukan kowanne da aikinsa. Akwai taswirar fili, mai nuna inda gidan zai zauna a cikin fulotin, da tazarar da ke tsakaninsa da katanga da titi. Akwai fuskokin gida guda huɗu. Akwai wanda aka tsaga gidan a tsaye daga rufi har fandisho, kuma a nan kaɗai za ka ga tsayin silin da tsayin tagogi da yadda daɓe ya ɗara ƙasar waje. Sai na rodi da kankare wanda injiniya ke yi, da na wuta, da na famfo. Waɗannan na masu aiki ne. Naka shi ne fulan da taswirar fili, domin su ne ke yanke hukuncin yadda za a zauna a gidan.

Abin da zaure ya sani

Masu koyar da zanen gini suna kasa gida kashi uku: wurin baƙi, wurin iyali, da wurin hidima, wato kicin da sito da banɗaki da wurin wanki. Ɗalibi yakan fara da zana da'irori a takarda, kowace da sunan ɗaki, yana haɗa waɗanda ya kamata su yi maƙwabtaka da layi, yana nisanta waɗanda bai kamata su ga juna ba, kafin ya ja bango ko ɗaya.

Maginan ƙasar Hausa sun daɗe da warware wannan lissafin, ba tare da takarda ba. A ƙasa suke shata gida, da taku da igiya. Da irin wannan ilimin na ka da ido Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Shiga kowane tsohon gida a cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina ka bi shi a hankali. Zaure ne farko, wanda Kanawa kan ce soro. Nan mai gida ke karɓar baƙi, nan ake karatu, wani nan yake sana'arsa. Ƙofar da za ta fitar da kai daga zauren ba ta taɓa yin saiti da wadda ka shigo ta ita, saboda haka mai wucewa a layi ba ya ganin komai sai bango. Daga nan sai wani fili, inda ɗakin samari da na baƙi suke, wani lokaci har da turken dabba. Sai shigifa, zaure na biyu, iyakar inda namijin da ba muharrami ba zai kai, shi ma sai na jiki ƙwarai. Bayanta ne cikin gida: tsakar gida a buɗe, ɗakunan mata a kewaye, madafi, rijiya, turakar mai gida a inda zai ga mai shiga da mai fita, makewayi can a ƙurya.

Babu ƙofa mai kwaɗo a tsakanin waɗannan matakai, sau da yawa ko labule babu. Karkata hanya kaɗai ke yin aikin, da kuma sallama.

Gidan da muke ginawa yau asalinsa daban ne. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo shi daga Indiya, suka jera shi a unguwannin da suka keɓe wa kansu, irin su Nasarawa a Kano. Gini ne dunƙule a tsakiyar fili, sarari ya kewaye shi, tagoginsa na kallon waje. Gidan Bahaushe kuwa ɗakuna ne a gefe, sarari a tsakiya, komai na kallon ciki. Ɗaya kishiyar ɗaya ne. Dokokin tsara birane suka zo suka bi bayan na Turawan, suka ce a ja baya daga titi, a bar tazara a gefe da baya. Kowace hukuma da nata awon, amma ɗauki misali: fuloti hamsin da ɗari murabba'in ƙafa 5,000 ne. Idan ka bar ƙafa 20 a gaba, 10 a baya, biyar-biyar a gefe, abin da ya rage na gini ƙafa 40 ne da 70, wato 2,800. Sama da kashi biyu cikin biyar na filin ya tafi sarari. Ba asara ba ce, iska da haske ta nan suke shigowa. Matsalar ita ce sararin ya zama siraran lunguna da babu inda za a shimfiɗa tabarma, babban kason kuma yana gaba, inda mota take, inda mace ba za ta zauna ba mayafi ba.

Shi ya sa za ka ga gida na miliyoyi, tayil har waje, amma matar gidan tana tsugune a lungu mai ƙafa biyar tsakanin bango da katanga, kusa da murfin sokawe, tana wanke-wanke. Ba rashin fili ba ne, ba a tambaye ta ba ne.

Ba cewa nake a koma ginin tubali da azara ba. Azara ita ta hana ɗakunan da faɗi, domin ba ta tsallake fiye da kimanin ƙafa shida sai da dabara, kuma rodi da siminti sun 'yantar da mu daga wannan. Abin da ya kamata a riƙe shi ne jerin nan na waje zuwa ciki. A fuloti hamsin da ɗari ma yana yiwuwa: a matso da ginin gaba iya abin da doka ta yarda, a lanƙwasa shi ya rungumi fili a baya ko a gefe, falon baƙi ya sami ƙofarsa ta waje da banɗakinsa, mata su sami tasu ƙofar da ba ta bi ta gaban maza ba.

Bi gidan da yatsa

Hanya mafi sauƙi ta gwada fulan ita ce ka ɗora yatsa a bakin get ka zama wani. Zama abokin mai gida da ya zo bayan la'asar: ina zai zauna, idan ya nemi kama ruwa ta ina zai bi, me idonsa zai faɗa a kai a hanya? Zama yarinyar da aka aiko da tire daga kicin: ƙofa nawa za ta tura, za ta ratsa tsakiyar maza? Zama mai ɗauke da buhun shinkafa daga but ɗin mota zuwa sito. Zama tsohuwa mai ciwon gwiwa da ta tashi fitsari da tsakar dare. Zama mata talatin ranar suna. Kuma, ko da ba a son faɗa, zama mutum huɗu masu ɗauke da makara, ka ga ko za ta iya juyawa a kwanar da ke gaban ɗakin.

Na taɓa zama a ofishin wani mai zane lokacin da wani magidanci ya zo da matarsa karɓar aiki, abin da ba kasafai ake yi ba. Shi ya gamsu, har ya fara naɗe takardun. Ita kuwa ta jawo fulan ɗin gabanta ta juya shi, ƙofar shiga ta koma saitin ƙirjinta.

"Injiniya, a ina zan yi shanya?"

"Hajiya, ai ga baya nan."

"Nan ɗin da ka ce za a sa janareto da tankin ruwa? To turmi fa? Ranar layya a ina za a yi suya?"

Mai zanen ya ɗauki fensir. Kafin su tashi an mayar da kicin ɗaya gefen, an buɗe masa ƙofa zuwa waje, garejin da aka yi wa rufi ya koma rumfa, an sami tsakar gida mai kamar ƙafa 15 da 20. Abin da aka kashe kuɗin sake buga takarda ne. Da an kai linta, da guduma za a yi wannan gyaran. Tun ran gini ran zane.

Wurin wucewa shi ma fili yake ci, kuma ba a kwana a cikinsa. Koridon da bai kai ƙafa uku ba matsi ne, ƙafa huɗu ya fi, don mutum biyu su gifta juna kuma katifa ta wuce. Amma korido mai faɗin ƙafa huɗu da tsawon 30 murabba'in ƙafa 120 ne, ɗaki guda ke nan aka yi wa fandisho da rufi da tayil don a riƙa wucewa kawai, ga duhu ko da rana tsaka. Mai zane na ƙwarai yana gajarta shi, ko ya buɗe shi ya zama ƙaramin falon iyali wanda ɗakuna ke kewaye da shi. Akasin haka kuma akwai falon da aka huda wa ƙofa biyar, kowace kusurwa hanya ce, har a rasa bangon da za a jingina doguwar kujera.

Ɗaki da kayan ɗaki

Girman ɗaki ba a yawan murabba'insa yake ba kawai. Sha biyu da sha biyu 144 ne. Takwas da sha takwas ma 144 ne, amma na biyun idan ka sa gado babu ta inda za ka zagaya.

Ɗauki na farkon mu jera shi yadda dangin amarya za su jera. Katifa shida da shida, idan ta hau gado irin na kafintocin yanzu mai fuka-fukai da allon kai, ta zama kusan bakwai da bakwai. Jingina kan gadon a tsakiyar bango ɗaya, saura ƙafa biyu da rabi a kowane gefe, nan durowoyin gefen gado za su shiga. A gaban gadon saura ƙafa biyar. Sif yana da zurfin ƙafa biyu, saura uku, kuma a cikin ukun nan ƙyaurensa zai buɗe, a nan za a wuce. Ƙofar ɗakin na neman ƙafa uku da uku nata na kanta, ƙofar banɗaki na neman bango, madubi na neman bango, taga kuma ba a son a toshe ta. Yanzu nemo inda za a shimfiɗa sallaya ta kalli gabas ba tare da mai wucewa ya gifta ba. Ɗakin ya ishi yara ko baƙo. Uwargida kuwa, sha huɗu da sha huɗu ne farkon sakewarta.

Saboda haka ka roƙi mai zane ya sa kayan ɗaki a cikin fulan, da girmansu na gaskiya, ba 'yan ƙananan gadajen da ke cikin kwamfutarsa ba, waɗanda ke sa kowane ɗaki ya zama fili. In ya ƙi, yanka takarda da kanka: a sikelin 1:100, gadon nan santimita biyu ne da ɗigo ta kowane gefe. Ka yi ta matsar da shi. Sau da yawa za ka ga matsar da ƙofa daga tsakiyar bango zuwa kusurwa ya fi ƙara wa ɗakin ƙafa biyu amfani.

Kicin ne inda kwaikwayo ya fi cutar da mu. A 1926 wata mai zanen gini 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara kicin don gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus, faɗinsa mita 1.9, tsawonsa 3.4, an ƙididdige kowane taku da mace za ta yi. Daga baya, a shekarun 1940, masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka suka yaɗa ƙa'idar cewa murhu da wurin wanke-wanke da firij su zama kusurwa uku kusa da juna, kada hanya ta ratsa tsakaninsu. Ƙa'idar tana da amfani har gobe. Sai dai an yi ta ne don mace ɗaya, a tsaye, mai dafa wa mutum huɗu. Kicin ɗinmu mutum uku ne a ciki, ɗaya a kan kujera 'yar tsugunno tana gyaran zogale, ga goyo, ga tukunyar da sai an kama. Ga hayaƙin gawayi ranar da gas ya ƙare. Gidan da aka tsara da sanin haka yana da kicin na ciki, da rumfar girki a waje manne da shi, da sito a tsakaninsu wanda buhu zai shiga ba ta falo ba.

Wuraren ruwa kuma a tara su. Banɗaki biyu su juya wa juna baya a bango ɗaya, kicin ya kusance su, a bene na sama ya hau kan na ƙasa. Bututu ya gajarta, wurin yoyo ya ragu. A taswirar fili ka nemi inda sokawe yake da inda rijiya take. Masana lafiya kan ce a raba su da aƙalla mita 15, wasu ma 30 suke cewa, alhali tsawon fuloti hamsin da ɗari gaba ɗaya mita 30 ne da ɗoriya kaɗan. Ke nan ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan, sannan ka leƙa katanga ka tambayi inda maƙwabci ya haƙa nasa.

Rana, iska da alƙibla

Yanzu koma kan kibiyar nan ta arewa. A Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, kuma ba kowane bango ne ke shan sa daidai ba. Da rana tsaka rana tana can sama, ɗan baranda ko bakin kwano da ya fito ƙafa biyu ko uku ya isa ya yi wa bangon kudu da na arewa inuwa. Da hantsi da la'asar kuwa tana ƙasa-ƙasa, tana dukan bangon gabas da na yamma kai tsaye. Na yamma ya fi muni, domin bulo yana shan zafin yamma ya riƙe, sai dare ya yi ya sake shi a cikin ɗaki. Wanda ɗakin kwanansa ke yamma ya san wannan ko bai san dalili ba. Don haka idan fili ya ba da dama, a miƙe gidan daga gabas zuwa yamma, manyan tagogi su kalli kudu da arewa, a jera wa bangon yamma abin da ba ya jin zafi: sito, matakala, banɗaki, gareji.

Hadarin damina galibi daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas na gidan ƙasa ya fi buƙatar yaɓe. Ƙofar da ke kallon gabas ba baranda za ta sha ruwa. Ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, iskar damina mai sanyi kuma daga kudu maso yamma. Ɗaki yana son taga biyu a bango daban-daban don iska ta shiga ta fita. A fulan, duba kowane ɗaki ka ƙirga bangonsa nawa ne ke taɓa waje. Wanda ke da ɗaya kawai, ko wanda tagarsa ke buɗewa cikin korido, ɗakin fanka ne, kuma kowa ya san halin wutarmu.

Alƙibla a wannan yanki gabas ce da ɗan karkata arewa. Musulmi ba ya son zaman masai ya fuskance ta ko ya juya mata baya, kuma gyaran a takarda juya alama ɗaya ce kawai ta kalli kudu ko arewa. Bayan an binne bututu an sa tayil, magana ta zama ta fasa daɓe.

Gidan Bahaushe kuma ba ya gama ginuwa. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Schwerdtfeger ya bi gidajen birnin Zariya ɗaya bayan ɗaya, ya nuna a littafinsa na 1982 yadda ɗakuna ke ƙaruwa da raguwa gwargwadon aure da haihuwa da mutuwa. Da ƙasa wannan abu ne mai sauƙi. Da siminti sai an yi niyya tun farko. Idan akwai tunanin ɗora bene wata rana, injiniya ya sani yanzu, domin fandisho da filoli daban ne, kuma a bar wa matakala gurbinta. Idan akwai tunanin ƙarin aure, ko da ba a faɗa a gaban Hajiya ba, mai zane ya sani. Adalci tsakanin sassa biyu ba daidaita tsawo da faɗi ba ne kawai. Idan ɗaya na shan ranar yamma ɗaya na inuwa, ko ɗaya na manne da ɗakin mai gida ɗaya na can ƙarshen korido, tef zai ce daidai suke, matan ba za su ce ba. Yaran da ke kwana ɗaki ɗaya yau, nan da shekara goma sai an raba maza da mata, kuma saurayi zai so ɗakin da abokansa za su shigo ba ta cikin gida ba.

Idan fulan ya kwanta maka, sai neman izini. A Kano hukumar KNUPDA ce ke ba da shi, a Kaduna KASUPDA, kuma za su nemi zanen da ke ɗauke da hatimin mai zanen da ke da rajista da ARCON, hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista a Najeriya. A unguwannin awon igiya mutane da yawa kan tsallake wannan, su cinye filin har bakin layi, sai ranar da aka zo fitar da titi ko kwata a shafa wa bango jan fenti.

Gwaji na ƙarshe a fili ake yin sa, ranar kafa fegi. Birkila zai buga katakai a kewaye, ya ja igiyoyi, ya bi su da toka ko farar ƙasa, fulan ɗin ya fito a ƙasa da cikakken girmansa. Ka je da iyalinka, ku shiga ta inda ƙofa take, kada ku tsallaka layi. Ɗakunan za su yi muku ƙanƙanta sosai. Haka suke yi wa kowa kafin bango ya tashi, don haka kada ka ce a ƙara ƙafa biyu saboda ido, tef za ka sa ka gwada da lambar da ke takarda. Kusurwa kuma da uku, huɗu, biyar ake tabbatar da ita: ƙafa uku a igiya ɗaya, huɗu a ɗayar, tsakaninsu ya ba da biyar cif. A ɗaki mai sha biyu da sha shida, daga kusurwa zuwa kishiyarta ƙafa 20 ne, kuma ɗaya gicciyen ma dole ya ba da 20. Idan suka saɓa, a gyara igiya kafin lebura ya sa diga.